"Nansans" Ba Hujja Ba Ce

Muna so mu yi magana a kan wata 'yar kalma ta Turanci wadda ta shigo Kwalejin nan ba da sallama ba, ta shimfiɗa buzu, ta zauna daram a bakin kowa. Ba malamin da ya rubuta mana ita a allo ya ce mu haddace, amma duk da haka ba ɗalibin da bai iya ta ba, har wanda ya zo jiya. Ana jinta a ɗakin kwana, ana jinta a filin ƙwallo in alƙalin wasa ya busa abin da bai gamshi wani ba, ana jinta wurin muhawara in hujja ta ƙare wa mutum. Kalmar nan ita ce nonsense, wadda mu ke faɗi "nansans". Tana da ƙanne, su rubbish da ridiculous da absurd, kuma wanda ya ke so a san ya kwana da ƙamus ya kan tara iska a ƙirji ya ce preposterous.

Kada wani ya zaci yaƙi muka zo yi da Turanci. A'a, ai nemansa yana cikin abin da ya raba mu da gida. Abin da mu ke cewa guda ne: kalmomin nan duka hukunci ne, hukunci kuwa ba ya riga shaida. Alƙalin da ya yanke shari'a tun mai ƙara bai rufe baki ba, ko da ya dace da gaskiya, lalle bai yi adalci ba. Mu kuwa da za a danƙa wa amanar 'ya'yan mutane nan gaba kaɗan, mun fi kowa bukatar lura da wannan. Ga dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

A zangon da ya wuce aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta, aka ba mu ajin yara waɗanda ba su wuce shekara goma sha biyu ba. Wata rana darasin labarin ƙasa ne, a kan rana da wata da taurari. Wanda ya ke riƙe da alli ran nan, ba za mu ɓoye muku ba, shi ne mai wannan rubutu. Mun shirya darasin tun dare, mun zana duniya da wata a allo, malamin da ya zo duba aikinmu yana zaune can bayan aji da littafinsa a hannu, mu kuwa ba abin da mu ke so sai mu gama kafin a kaɗa ƙararrawa. Muna tsakiyar bayani sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya miƙe da ladabi ya ce, "Malam, kakana ya ce a ƙasarsu dutse ya taɓa faɗowa daga sama cikin gonar wani mutum. Shin daga tauraro ya fito?" Ba mu tsaya ko numfasawa ba, sai muka ce, "Nonsense! Zauna." Aji ya fashe da dariya. Yaro ya zauna, ya sunkuyar da kai, muka ci gaba da darasi muna jin kanmu mun tsare martabar ilmi.

Da aka tashi, sai malamin nan ya kira mu gindin wata darbejiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da ka ce wa yaron nan nonsense, me ka ke nufi? Maganarsa ce ba ta da ma'ana, ko ƙarya ce, ko abin ne ba ya yiwuwa, ko kuwa kai ne ba ka taɓa ji ba?" Muka amsa da cewa, Allah ya gafarta Malam, mun zaci zancen gatarin aradu ya ke yi. Ya ce, "Ka tambaye shi?" Muka yi shiru. Ya ce, "To, je ka ɗakin littattafai ka nemi labarin Zagami. In ka samu, ka zo mu yi magana."

Muka je, muka samu, kunya kuwa ta rufe mu. Ashe ran 3 ga watan Oktoba 1962 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da Zagami, a ƙasar Katsina, dab da wani manomi yana cikin gonarsa, ya nutse cikin ƙasa don ƙarfin faɗuwa. Da aka haƙo shi aka auna, nauyinsa ya kai wajen kilo 18. Bayan shekaru masana suka gwada iskar da ke ɗaure cikin irin duwatsun nan, suka ga ta yi daidai da iskar tauraron nan ja wanda Larabawa ke kira Mirrihu, Turawa su ce Mas, wadda wasu na'urori biyu na Amurka suka sauka suka auna a 1976. Watau dutsen Zagami ɓallin Mirrihu ne. An yanyanka shi, gutsattsarinsa suna ajiye a manyan makarantu da gidajen tarihi na ƙasashe da yawa, kuma duk inda a ke karatun wannan fanni an san sunan ƙauyen nan. To, ku duba: yaro ya tambaya ko daga tauraro dutse ya fito, a ƙasarmu aka yi abin, malaminsa kuwa ya kira shi nansans a gaban tsaransa.

Da muka ƙara bincike sai muka ga ba mu muka fara wannan kuskure ba, manya sun riga mu. A ƙarni na 18 masanan Turai da yawa sun ɗauki labarin duwatsu masu faɗowa daga sama tatsuniyar ƙauyawa ce. A 1794 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya rubuta littafi yana cewa gaskiya ne, daga sararin sama su ke zuwa, aka yi ta yi masa ba'a. Sai ran 26 ga Afrilu 1803 duwatsu wajen 3,000 suka zubo a kewayen wani gari, L'Aigle, a Faransa. Aka aiki wani saurayi masani, Jean-Baptiste Biot, ya je ya duba. Me ya yi? Ya bi ƙauyuka yana tambayar manoma da limamai da sauran jama'a abin da suka gani da abin da suka ji, ya tattara duwatsun, ya gwada su da duwatsun ƙasar, ya ga ba irinsu ɗaya ba ne. Daga nan gardama ta mutu. Abin lura a nan shi ne, manoman nan tun farko gaskiya su ke faɗi, abin da ya rage kawai a sami mai ilmin da zai ƙasƙantar da kai ya tambaye su.

Kada mu wuce zancen gatarin aradu, domin akwai darasi a cikinsa. 'Yan duwatsun nan masu santsi da kaifi a gefe ɗaya, waɗanda a kan tsinta a gona a ce aradu ce ta jefo su, ba daga sama suka zo ba. Gatura ne waɗanda mutanen da suka sassaƙa da hannunsu tun kafin a san ƙira. Saboda haka maganar yaron nan tana iya zama ɗayan biyu: ko kakansa dutsen sama na gaske ya ke nufi, ko kuwa gatarin aradu. In na farko ne, ga darasi mai daɗi a kan taurari. In na biyu ne, ga darasi mai daɗi a kan mutanen da. Ko ta wace hanya aji ya ci riba. Tambaya ɗaya ce da ta raba gardama, watau, "Yaya kamannin dutsen, wa ya ga faɗuwarsa?" Da kalma ɗaya muka toshe hanyoyin nan biyu.

Yanzu bari mu koma ga tambayar malaminmu, me mu ke nufi? Mun lura yawancinmu mun ɗauki kalmomin nan biyar kamar tsakuwa biyar ne a hannu, duk wadda ta zo sai mu jefa. Alhali kuwa kowace da inda ta dosa. Nonsense magana ce wadda ba ta da ma'ana, ba kai ba gindi, abin da mu ke kira soki-burutsu. Rubbish asalinta shara ce, abin zubarwa a juji, watau maganar da ba ta da amfani. Ridiculous ta fito daga kalmar Latin mai nufin dariya, watau abin da ya cancanci a yi masa dariya. Absurd ita ma daga Latin ta ke, asalinta sautin da ya saɓa wa kiɗa, tana da dangantaka da kalmarsu ta kurma, daga baya ta zama sunan abin da hankali ba ya ɗauka. Preposterous kuwa an haɗa ta ne da kalmar gaba da kalmar baya, watau abin da aka yi a baibai, na gaba ya koma baya. To, wace ce a cikinsu ta dace da tambayar yaron nan? Tana da ma'ana, tana da amfani, ba abin dariya ba ce, hankali yana ɗaukarta, ba kuma a baibai ta ke ba. Mu ne dai muka yi abu a baibai, da muka sa hukunci gaba, bincike baya.

Hausa ma ai ba matalauciya ba ce a wannan wuri. Muna da shirme, muna da wauta, da zancen banza, da maganar wofi, da shaci-faɗi, da zuƙi-ta-malle, da ƙanzon kurege, da rainin hankali. Kowane Bahaushe ya san bambancinsu ba tare da an koya masa ba. Mai shaci-faɗi bai sani ba ne ya ke ƙirƙira, mai zuƙi-ta-malle ya sani ya ke shararawa, mai wauta hankalinsa ne ya gaza, mai rainin hankali kuwa namu hankalin ya raina. In da Hausa za mu yi magana, dole mu zaɓi ɗaya, zaɓin nan kuwa shi ke tilasta wa mutum ya tsaya ya yi tunani. Da a ce mun tsaya neman kalmar Hausa ran nan, da mun ga ba wadda ta hau kan yaron, da bakinmu ya mutu tun bai yi ɓarna ba. Amma nansans ba ta bukatar zaɓi, jaka ce wadda mu ke cusa duk abin da ba mu so mu saurara.

Waɗanda suka zauna gaban malamai a zaure kafin su zo nan za su tuna abin da a kan fara da shi a karatun tauhidi. Littafin Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, watau Ummul Barahina, ya fara ne da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Mustahili shi ne abin da hankali ba ya iya sawwala samuwarsa, kamar a ce abu yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci guda, ko a ce rabin gurasa ya fi gurasar duka girma. Ja'izi kuwa shi ne abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Malamai sun kuma koya mana mu bambanta abin da hankali ya hana da abin da al'ada kawai ba ta saba gani ba. Faɗowar dutse daga sama ba mustahili ba ce, baƙon abu ne kurum. Abin da ya ke ja'izi kuwa ba a kore shi da tsawa, sai a nemi shaida, in an samu a karɓa, in ba a samu ba a dakata. Wannan mun san shi tun muna ƙanana. Abin mamaki, da muka sa wando da kwat muka riƙe alli, sai muka manta.

Turawan ma da muka ara wa kalmar, masu ilminsu ba haka su ke aiki da ita ba. Ku tuna darasin lissafin siffofi, irin hujjojin da aka gada daga Uƙlidis, wanda ya yi zamani a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. In yana so ya rushe wata magana, sai ya karɓe ta tukuna kamar gaskiya ce, ya bi ta taki-taki, har ta kai shi inda ta ƙaryata kanta. Sa'an nan ne, a layin ƙarshe, a kan rubuta cewa wannan absurd ne. Ga misali mai sauƙi. Wani ya ce akwai lambar da ta fi kowace lamba girma. Kada ka yi masa tsawa. Ka ce, to, mun yarda, kawo ta. In ya kawo, ka ƙara mata ɗaya. Ga wadda ta fi ta. Ashe wadda ta fi kowace girma an fi ta girma, wannan kuwa mustahili ne. Ka ga a nan kalmar ta zo ne bayan an yi aiki, kamar hatimi a gindin takarda. Mu kuwa sai mu buga hatimi a farar takarda, mu ce mun rubuta wasiƙa.

Wannan hanya ba ta manyan littattafai kaɗai ba ce, tana da amfani a ƙaramin aji kowace safiya. Ka ba yaro lissafi, a ɗebe 17 daga 32, ya rubuta 25. Malamin gaggawa sai ya ja jan alƙalami ya rubuta rubbish. Amma amsar nan ba shara ba ce, akwai hanyar da yaro ya bi ya kai gare ta. Ya ga 2 da 7, ya ɗebe ƙarami daga babba ya sami 5, ya ɗebe 1 daga 3 ya sami 2. Watau bai gane aro ba ne, shi ke nan cutarsa. Wanda ya ce 7 sau 8 su ne 15, shi kuma tarawa ya yi maimakon ninkawa. Kowane kuskure da sawunsa, kamar yadda kowace dabba ta ke da nata, aikin malami kuwa ya bi sawu. Ka ce wa yaron farko, "To, mu ce 25 ne. Mai da 17 ɗin da ka ɗebe mu gani." Ya tara ya sami 42. Ka ce, "Da nawa muka fara?" Da bakinsa zai ce, "A'a, Malam, ba daidai ba ne." Shi ya yanke wa amsarsa hukunci, ba zai kuwa manta ba. In ka rubuta masa rubbish, abin da ya koya guda ne, cewa Malam ya yi fushi, gobe kuma 25 ɗin zai sake kawo maka.

Akwai wani aibi kuma da ya fi wannan muni. A Turancin masu harshen, kalmomin nan a kan magana su ke sauka. A Majalisar Wakilai ta Ingila, inda a ke gardama mai zafi, wakili ya kan yi ihu ya ce rubbish a kan jawabin abokin hamayyarsa, a wuce. Amma in ya kira shi maƙaryaci, sai Shugaban Majalisa ya sa shi ya janye, in ya ƙi a fitar da shi. Sun raba tsakanin sukar zance da zagin mai zance. Mu kuwa da muka aro kalmar sai muka juya bakinta, muka auna mutum. Ba ka jin an ce, "Kai nansans ne," ko "Nansans kawai," a bi da tsaki? Yaro kuwa ba ya iya raba kansa da maganarsa. In ka ce tambayarsa nansans ce a gaban yara arba'in, abin da ya ji shi ne, shi ɗin ne nansans. Yaron da muka ba ku labari ya yi mako uku bai sake ɗaga hannu ba, ba shi kaɗai ba kuwa, ajin duka ya yi sanyi, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Me ya sa in za mu yi wannan sai mu sauya harshe? Mun yi ta tunani, ga abin da muka gani. Kalmar aro kamar awartaki ce, da ita a ke ɗaukar garwashin da hannu ba ya iya taɓawa. Wanene a cikinmu zai dubi ƙanen mahaifiyarsa ya ce masa, "Kawu, shirme ka ke yi"? Harshe ba zai ɗauku ba, kunya za ta riƙe shi. Amma wani abokinmu ya ba mu labari da bakinsa, ya je hutu, ana hira a zaure a kan ko damina za ta yi kyau, kawunsa ya kawo wata alama irin ta manoma, shi kuwa sai ya ji nansans ta kuɓuce masa. Tsoho ya juyo ya ce, "Ɗan nan, me ka ce? Fassara mini, in ƙaru da karatunka." Ya rasa ta cewa, don ya san in ya fassara, ya zagi kawunsa a gaban jama'a. Abin da ba ka iya faɗa wa mutum da harshen da ya ke ji, Turanci ba ya halatta maka shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Har wa yau kalmar tana ɗauke da wani saƙo a ɓoye, watau, ni na yi makaranta, kai ba ka yi ba. Irin wannan ne ke sa iyaye su riƙa ɗari-ɗari da makaranta, su ce tana raba yaro da ladabi, mu kuwa mu ne za mu je ƙauyuka muna roƙonsu su ba mu 'ya'yansu.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu tana da nauyi. Wani zai ce, malami yana da yara da yawa, lokaci kaɗan ne, in ya tsaya bin kowace tambaya ba zai gama darasi ba. Gaskiya ne. Amma "Ban sani ba, zan bincika," ko "Riƙe tambayarka, mu haɗu bayan an tashi," ba su fi nansans cin lokaci ba. Abin da su ke ci shi ne girman kai, shi ya sa su ke mana nauyi. Muna tsoron in mun ce ba mu sani ba yara za su raina mu. Mu tuna malamanmu na zaure, waɗanda in an kawo musu mas'alar da ta shige musu duhu su kan ce Allah ne masani, sai sun duba. Wa ya taɓa raina su don haka?

Wani kuma zai ce, ashe ba shirme ke nan a duniya? In mai damfara ya zo ya ce kawo kuɗinka ya ninka maka su cikin ƙwarya, sai mu tsaya muna yi masa ladabi? A'a. Akwai shirme, akwai ƙarya, kuma malamin da ba ya iya kiransu da sunansu bai cika malami ba. Ba mu ce a binne kalmar ba, cewa muka yi a sa ta a wurinta. Ka tambayi mai ƙwarya, in yana iya ninka kuɗi, me ya sa ya ke bukatar naka? In ya rasa amsa, sa'an nan ka ce zancen banza ne, da Hausa ko da Turanci, duk wanda ka ga dama, jama'a kuwa za su bi ka don sun ga dalili. In tsawa kawai ka yi, da ka juya baya za su koma wurinsa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda aka yi wa dariya mai gaskiya ne. Sau da yawa abin dariyar ne da gaske. Abin da mu ke cewa, dariya ba ta iya rarrabewa, hujja ce ke iyawa. A 1912 wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce manyan ƙasashen duniya da a haɗe su ke, suka rabu a hankali. Ku duba taswira ku ga yadda ƙirjin Barazil ya dace da lungun tekun da ke kudancin Nijeriya. Waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu kuwa suka tambaye shi wane ƙarfi ne ke tura ƙasa, amsar da ya bayar ba ta gamsar ba. Ya rasu a 1930 ba a karɓi maganarsa ba. Sai bayan 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, aka tabbatar ƙasashen suna tafiya, a hankali kamar tsirar farce. Masu tambayar nan sun yi wa ilmi aiki, gama sun nuna inda giɓi ya ke har aka zo aka cike shi. Masu ba'a kuwa ba su ƙara kome ba.

Saboda haka ga shawararmu ga 'yan'uwa, muna kuma fara ɗora ta a kan kanmu. Na farko, kada kalmar nan ta fita bakinmu a aji sai mun iya bin ta da "domin", mu kawo dalilin da yaro zai gane. In ba mu da abin da za mu sa bayan "domin", to, mu haɗiye ta. Na biyu, kafin mu faɗe ta mu fassara ta da Hausa a zuci, mu ga ko za mu iya faɗa wa mutumin nan haka ido da ido. Na uku, in ta zama dole, ta sauka a kan magana, kada ta taɓa mai magana. Muna kuma roƙon shugabannin muhawararmu, duk wanda ya ce nonsense ko ridiculous a tsayar da shi, a ce ya kawo hujja nan take ko ya janye. In an yi haka zango ɗaya, za ku ga Turancinmu ma ya ƙaru, gama mai neman hujja dole ya nemi kalmomi.

Game da yaron nan, kafin mu bar makarantar mun tsaya gaban aji muka ce mun yi kuskure, muka ba su labarin Zagami tun daga farko har ƙarshe, muka ce ya je ya tambayo kakansa kamannin dutsen da shekarar da ya faɗo. Ba mu taɓa ganin aji ya yi tsit kamar ran nan ba, kuma ba wanda ya raina mu. Amma magana zarar bunu ce, mako ukun nan da ya yi bai tambayi kome ba sun tafi, ba mu san abin da ya so ya tambaya a cikinsu ba. Wannan shi ne abin da ke damunmu har yanzu, shi ya sa muka tona asirin kanmu a shafin nan, don kada wani ya bi sawunmu.

Allah ya ba mu haƙurin saurare, ya tsare harsunanmu daga gaggawa, ya sa mu zama masu amfani ga yaran da za a ba mu.